Dillancin Filaye da Gidaje a Jazira da Nil Azraƙ: Wa Ya Dace Ya Shiga?

Jawabin da aka gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



Shugaban ƙungiya da mataimakansa, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, baƙinmu da suka taso daga nesa, da ku samari da kuka cika bayan zaure, ina yi wa kowa barka da ganin wannan rana. Allah Ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya, Ya mayar da waɗanda yaƙi ya warwatsa zuwa gidajensu lafiya.

Kwamitin shirya taro ya ba ni batu ɗaya, kuma na san dalilin zaɓensa. Tun da hanyoyi suka lalace, fatauci ya yi nauyi. Wanda ya saba lodin riɗi daga Gadarif, ko ƙaro da zoborodo zuwa iyakar Adire, ko tsallaka Gallabat zuwa Matamma a ƙasar Habasha, yanzu yana lissafin shingaye fiye da yadda yake lissafin buhuna. Shi ya sa 'ya'yanmu da yawa, har da wasu manyanmu, suke ta tambaya: shin in ajiye fatauci in koma dillancin filaye da gidaje, wanda a nan muke kira samsara? Ba ya buƙatar mota, ba ya buƙatar sito, ba kwastan, ba ɓarayin hanya. Waya ɗaya da baki mai daɗi, sai la'ada ta shigo.

Amsata a taƙaice ita ce: sana'a ce ta halal, akwai abinci a cikinta, kuma al'ummarmu tana buƙatar mutanen kirki a wannan fage. Amma a ƙasar Jazira da Nil Azraƙ ta fi fatauci haɗari ga Bahaushen da bai san takarda ba. Bari in faɗi dalilina, sannan kowa ya auna kansa.

Dillanci ba baƙonmu ba ne. A Kasuwar Kurmi ta Kano, da karar shanu ta kowane gari, da unguwar Sabo ta Ibadan inda fatauci na goro da shanu ya ɗauki shekaru yana tafiya a hannun masu gida da dillalansu, dillali shi ne mai haɗa baƙo da ɗan gari. Yakan tsaya wa mai saye a ba shi bashi, in bai biya ba shi za a kama. Duk jarinsa sunansa ne. Wannan gado muna da shi, kuma zai yi muku amfani.

To sai dai akwai bambanci. Buhun riɗi kana iya soka masa ƙarfe ka ga abin da ke ciki. Sa kana iya duba haƙoransa. Idan ciniki ya ɓaci, asarar ta lodi ɗaya ce, kakar baɗi a mayar. Fili kuwa, idonka yana ganin ƙasa da turaku huɗu, amma abin da ake saye shi ne haƙƙin zama a kanta, kuma wannan haƙƙi ba a ganinsa da ido. Yana cikin rajista, ko a bakin shaidu, ko a hannun magada da ba su ma san ana ciniki ba. Idan ya ɓaci, gumin mutum na shekara 20 ne ya tafi, kuma ƙofar da zai fara bugawa taka ce.

Domin mu gane yadda haƙƙin ƙasa yake a nan, sai mun waiwayi yadda muka zo. Bayan da Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira zuwa gabas tare da jama'a, har suka zauna a bakin Nil Azraƙ kudu da Sinnar, a garin da har yau ake kira da sunansa. Kafin su da bayansu, maniyyata sun yi ta biyo wannan hanya a ƙafa da jakuna, suna tsayawa su yi ƙwadago su tara guzuri. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gandun auduga na Jazira, sai aka buƙaci hannaye masu yawa, kakanninmu kuwa suna cikin waɗanda suka yi noman suka tsinci audugar. Wani masani mai suna Bawa Yamba ya fitar da littafi a 1995 a kan ƙauyukanmu na nan, inda ya nuna yadda jikokin maniyyata suke ci gaba da ɗaukar kansu matafiya ne a kan hanyar Makka. Wannan niyya ce mai daraja. Amma matafiyi ba ya zuwa ofis ya rubuta bukkarsa. Haka aka haifi 'ya'ya da jikoki a wuraren da babu sunan kowa a takarda.

Doka kuma ba ta jira mu ba. Tun 1925 Turawa suka kafa dokar tantance filaye da yi musu rajista, amma aikin ya fi yawa a garuruwa da bakin kogi. A 1970 gwamnatin Numairi ta yi doka cewa duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce. Dokar mu'amalolin jama'a ta 1984 ta maye gurbinta, ta amince da haƙƙin amfani ga wanda ya raya wuri, amma asalin mallaka ya zauna a hannun hukuma. Ga kuma dokar zama ɗan ƙasa ta 1957, wadda ta nemi mutum ya nuna cewa zuriyarsa tana Sudan tun kafin ƙarshen 1897. Da yawa daga cikin iyayenmu sun sha wuya kafin su sami jinsiyya, wanda ba shi da jinsiyya kuwa ba ya shiga rabon filaye na gwamnati.

Sakamakon haka, abin da mutane ke kira "fili" a yankinmu kala huɗu ne aƙalla, kuma wanda bai iya rarrabe su ba kada ya kira kansa simsar.

Akwai filin gari mai rajista, irin na Madani, Hasahisa, Managil, Sinnar, Sinja da Damazin. Wannan yana da lamba da murabba'i, kuma ofishin rajistar filaye, wanda yake ƙarƙashin ɓangaren shari'a, yana ba da shahadar bahas da ke nuna sunan mai shi da ko an jinginar da shi ko kotu ta tsare shi. Mafi yawan irin wannan fili haya ce ta dogon zango daga gwamnati, an kasa shi daraja ta ɗaya da ta biyu da ta uku. Shahadar bahas ta bara ba hujja ba ce yau. A fitar da sabuwa da nufin sayarwa, a je wurin lauya mai izinin tabbatar da yarjejeniya, sannan a sauya suna a rajista. Kafin a sauya suna, ciniki bai ƙare ba.

Akwai hawasha, wato gonar da ke cikin gandun Jazira da Managil, gandun da ya haura fadan miliyan 2. Fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. Tun dokar 1927 gwamnati ta karɓi hayar ƙasar daga masu ita na asali na shekara 40 a kan kurushi 10 kowane fadan, ta raba wa manoma. Dokar 2005 ta buɗe wa manomi ƙofar sayar da hawasharsa ko jinginar da ita. Amma rikicin masu mallakar asali da batun diyyarsu ya daɗe yana ja, ga bashin ruwa da na banki da kan biyo gona. Mai dillancin hawasha dole ya san littafin hukumar gandun, ya kuma san ko ruwa yana isa wannan magudanar, domin hawashar da ke ƙarshen magudanar da ta cushe da laka suna ce kawai.

Akwai hiyaza, wato wurin da mutum ya riƙe ya raya ba tare da rajista ba. Yawancin gidajen ƙauyukanmu da gonakin damina haka suke. Hujjarsu takardar shehun gari ko umda ko kwamitin unguwa, da shaidar maƙwabta. Ana saye ana sayarwa, amma wajibi ne mai saye ya ji daga bakinka cewa riƙo ya saya, kuma ranar da gwamnati ta zo da tsarin gari ko ta ba wani babban manomi yankin, takardar shehu ba lallai ta tsare shi ba.

Sai na huɗu, kanabi, matsugunan 'yan ƙwadago da ke gefen magudanan ruwa a cikin gandun. Mutane sun yi shekaru da dama a ciki, amma ƙasar ta gandu ce. Wanda ya karɓi la'ada a kan "fili" a kambo ya ce wa mai saye mallaka ce, ya sayar da abin da babu.

A kan waɗannan duka sai yaƙi ya zo. Ya fara a 15 ga Afrilun 2023. Jama'ar Khartum suka kwararo Madani, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo, wasu suka ga dillalai suna samu suka ce ga sana'a. A Disambar 2023 Madani ta faɗa hannun Da'amus Sari, masu haya da masu gida suka gudu tare. Sinja ta bi a tsakiyar 2024. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwambar 2024, suka shiga Madani a 11 ga Janairun 2025. Yanzu mutane suna dawowa, sun tarar da gidaje an kwashe, wasu ba su fita da takarda ko ɗaya ba. Mai gida yana Masar ko Saudiyya ko Kasala, wani ya rasu a hanya, magada sun watsu ƙasa uku. Wanda ya rasa komai yana so ya sayar da sauri, wanda ke da kuɗi a waje yana so ya saya da araha.

Wannan kasuwa ce, ba na musu. Jinai ya zube: a Fabrairun 2021 gwamnati ta mayar da dala daga jinai 55 zuwa 375, a lokacin yaƙin nan kuwa ta haye 2,000 a kasuwar bayan fage. Duk mai 'yan kuɗi yana neman inda zai binne su kada su narke, ƙasa kuwa ba ta narkewa. Amma irin wannan lokaci shi ne kakar 'yan damfara. Takardar wakilci, wato tawkil, daga mutumin da ba a iya samunsa a waya. Ɗa ɗaya yana sayar da gidan gado ba tare da i'ilamin shari'a da ke lissafa magada ba. Fili ɗaya an sayar wa mutum biyu, ɗaya a Jidda ɗaya a Gadarif, kowa ya tura kuɗi ta Bankak. Mai damfara yana buƙatar fuskar da aka yarda da ita, kuma sabon dillali mai jin yunwar la'ada, ɗan gidan mutunci, shi ne fuskar da ya fi so.

Akwai kuma nauyin da ya rataya a wuyanmu mu kaɗai. Babu wanda ya manta Yulin 2022, lokacin da rikici ya ɓarke a Rusairis da Ganis da kewayensu bayan taƙaddama a kan ƙasa da neman sarautar gargajiya ga Hausawa. Sama da mutum 100 suka rasu a wannan wata, a Oktoba kuma sama da 200 a Wad al-Mahi, dubban iyalai suka bar gidajensu. A wurin da aka zubar da jini a kan tambayar wa ke da ƙasa, cinikin fili ɗaya da aka yi ba bisa ƙa'ida ba yana iya zama ashana. Idan dillali Bahaushe ya yi kuskure, ba za a ambaci sunansa ba, za a ce Hausawa suna cinye ƙasa. Wanda zai yi wannan aiki a Nil Azraƙ sai ya san shehunan maƙwabtanmu da umdodinsu, ya shiga ta ƙofa da rana, ya sa shaidu daga kowane ɓangare.

Yanzu bari in juyo gare ku, 'ya'yana da ƙannena masu wannan niyya. Ga tambayoyin da nake so kowa ya amsa wa kansa kafin ya sayar da jarinsa.

Kana karanta Larabcin ofis? Larabcin kasuwa dabam, na takardar kotu dabam. Idan sai an karanta maka shahadar bahas, to wanda ya karanta maka shi ne dillalin, kai ɗan rakiya ne.

Kana da abin da za ka ci wata shida ba tare da la'ada ba? Fatauci yana juyawa kowane mako. Gida kuwa kana iya kai mutum 30 su gani, kana biyan kuɗin raksha da katin waya, babu wanda ya saya. Mu yi lissafi. A ce an yi cinikin gida, an yarda da la'ada kashi 5 cikin 100. Ka ji kamar ka yi arziki. Amma kai ka ji labarin gidan daga wani, shi ma daga wani, mai saye ma mutum biyu suka kawo shi. Irin waɗanda a Kano ake kira 'yan kayi-nayi. Ku biyar kuka raba, rabonka ya koma kashi 1. Ka raba shi a kan watannin da ka yi kana yawo, ka cire abin da faɗuwar jinai ta ci, sannan ka kwatanta da ribar lodin gyada biyu. Mai iyali da ya shiga ba tanadi, yunwa ce za ta sa ya rufe ido a kan takardar da ya san tana da rauni.

Kana iya cewa a'a ga kawunka? Wannan ita ce tambaya mafi wuya. Yawancin cinikin farko daga dangi yake zuwa. Kawu zai ce gidan nan ai na gidanmu ne, sayar kawai, ƙannena mata ba su da magana. Idan ba za ka iya ce masa, "Kawu, a yi haƙuri, sai kowa ya sa hannu," ba, to zauna a shagonka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kana iya riƙe kuɗin mutane su kwana a hannunka ba ka juya su ba? Ɗan kasuwa ya saba kuɗi ba ya kwana. Kafin alƙalami da aka ba ka amana ne, ba jarin sayen dawa ba ne kafin a gama takardu.

Malamanmu sun yi bayanin iyakokin wannan sana'a tun da daɗewa. La'ada halal ce idan an san ta an yarda da ita. Ɓoye aibin abin sayarwa haramun ne, ko tsagewar bango ce ko rigimar iyaka. Sa wani ya ƙara farashi da gangan don a ruɗi mai saye, wato najashi, haramun ne. Mai gida ya ce 100 kai ka ce wa mai saye 120 ka soke 20 a aljihu ba da sanin kowa ba, cin amana ne. Sannan akwai shufu'a: a mazhabarmu ta Malikiyya, abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin karɓe rabon da ɗan'uwansa ya sayar wa bare a kan kuɗin da aka saya. Dillalin da ya san wannan zai fara da tambayar 'yan'uwa kafin ya nemo baƙo.

Wanda ya amsa waɗannan tambayoyi da e, ina ba shi shawara uku. Kada ya saki fatauci gaba ɗaya, ya riƙe shi da hannu ɗaya har shekara ta zagayo. Ya fara da haya: shago, sito, ɗakin saukar baƙi. Kuɗin kaɗan ne, amma kuskuren ma ƙarami ne, kuma a nan ake koyon halin mutane. Sannan ya lizimci wani tsohon simsar mai suna mai kyau da wani lauya, ya riƙa ɗaukar musu jaka zuwa ofishin rajista har ya san kowace taga da abin da ake yi a cikinta.

Kuma akwai gurbin da ya fi dacewa da 'yan wannan ƙungiya. Mun san fatake daga Kano da Maraɗi da Abeche, mun san irin siton da mai riɗi yake so da irin wanda mai albasa yake so, mun san inda babbar mota take iya juyawa. Muna da 'yan'uwa a Makka da Madina da Jidda masu son su mallaki gida a Mai Wurno ko Madani, abin da suka rasa shi ne amintaccen ido. Mai jin Hausa da Larabci, wanda aka san gidansu a ɓangarorin biyu, yana da abin da simsar ɗin gari ba shi da shi. Sai dai a tuna kowace ƙasa da dokarta. A Nijeriya dokar 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnan jiha, takardar shaidar mallaka daga wurinsa take fitowa. A Nijar tsarin dokar karkara na 1993 ya kafa kwamitocin filaye tun daga ƙauye. Ilmin Madani ba zai fisshe ka a Katsina ba.

Hajiyoyinmu, ban manta da ku ba. Mata da yawa yaƙin nan ya mayar da su shugabannin gida, kuma gwauruwa ta fi sakin jiki ta faɗa wa mace 'yar'uwarta abin da miji ya bari. A Kano dillaliya tana shiga gidan da namiji ba ya shiga. 'Yarmu da ta yi karatu, ta san takarda, tana iya tsare haƙƙin marayu da yawa, ta kuma ci halal ɗinta.

A ƙarshe ina da roƙo ga shugabanni. Ƙungiya ta buɗe littafi na membobin da ke dillanci, kowa da dattawa biyu da suka tsaya masa, wanda ya ci amana a soke sunansa a sanar. A nemi lauya ɗaya da za mu riƙa biya tare, ya duba takarda kafin kowane memba ya biya kuɗi. Sannan a taimaka wa iyalanmu su ɗauki hoton duk takardar da suke da ita, ta gida da ta gona da i'ilamin gado, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Inda aka buɗe ƙofar tsara ƙauye da yi masa rajista, mu kasance a sahun gaba, domin dillalin da ya taimaki ƙauyensu ya sami takarda ya fi wanda ya sayar da gida 100 amfani.

Kakanninmu sun zo wannan ƙasa da sanda da buta, suka noma ta fiye da shekara 100. Ya rage gare mu mu tabbatar jikokinsu suna zaune a kanta da hujja, cikin zaman lafiya da maƙwabta. Wanda zai shiga dillanci da wannan niyya, Allah Ya sa masa albarka. Wanda ya auna ya ga ba zai iya ba, fatauci sana'ar iyaye ce, hanya kuma za ta buɗe da yardar Allah.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya maimaita mana wannan taro baɗi muna masu yawa.